Ya je Hawai satar rawa, ya dawo da tambaya

Tun kafin jirgin su ya sauka a Honolulu saurayin ya riga ya gama lissafin sa. Wayar sa cike ta ke da caji, ya goge hotuna sun fi ɗari biyu don ya samu wurin ɗaukar bidiyo, kuma saƙon abokin sa na nan bai share ba: "Mutumi na, don Allah kada ka dawo ba ka ɗauko mana rawar nan ta 'yan Hawai ba. Akwai waƙar da za mu sa ta. Sunan ka ne zai fito a matsayin mai tsara rawa."

Wannan alƙawari ba ƙaramin abu ba ne a wurin sa. Kafin ya bar Kano zuwa karatu a jihar Kalifoniya ta Amurka, shekara uku ya yi ya na bin 'yan fim lokeshin. Shi ne irin yaran nan da a ke jerawa a bayan jarumi idan an zo waƙa, su shida ko takwas, da kaya iri ɗaya. In an ɗaga hannu su ɗaga, in an juya su juya. Fuskar sa ta fito a waƙoƙi da dama, amma sunan sa bai taɓa fitowa a ƙarshen fim ba ko sau ɗaya. Abokin nan nasa da su ka fara tare kuwa yanzu ya zama ɗan ƙaramin darakta, har a na ce masa "Oga" a lokeshin.

Sai dai akwai matsala, matsalar kuma ita ce ke zaune kusa da shi a cikin jirgin, ta na karanta jarida. Kawun sa ne, yayan mahaifiyar sa, likita wanda ya haura shekara 20 a Amurka, kuma shi ke biya masa kuɗin makaranta. Kawu bai haɗa hanya da harkar fim ba. Ranar da saurayin ya iso ƙasar ya gaya masa ƙiri-ƙiri: "In na sake ganin ka ka na tsalle a bayan wata yarinya a talbijin, to ka nemi mai biya maka kuɗin makaranta." Saboda haka zancen ɗauko rawa sirri ne tsakanin sa da wayar sa.

A watan Yuli na 2024 ne Kawu ya kwashi iyalin sa zuwa hutu a tsibirin Owahu, inda Honolulu, babban birnin jihar Hawai, ya ke. Su huɗu ne: Kawu, matar sa da saurayin ke kira Anti, 'yar su mai shekara tara, sai shi. Daga Los Anjalis jirgi ya yi kusan awa shida ya na tafiya a kan ruwa zalla, kimanin kilomita 4,000, babu ƙasa ko ta kai faɗin tabarma. Tsakanin Hawai da Nijeriya awa 11 ne. Lokacin da rana ke faɗuwa a Honolulu, a Kano gari ya waye, washegari ma.

Duk abin da ya sani game da Hawai a fim ya gan shi. Duwatsun nan koraye na 'Jurassic Park' (1993) a nan a ka ɗauke su. Ya kalli 'Pearl Harbor' (2001) a gidan kallo na unguwar su. Ƙanwar sa, 'yar Kawu, ta haddace 'Lilo & Stitch' (2002) kamar karatun allo. Kawu shi ma bai tsira ba, don ya amsa cewa ya taɓa ganin 'Blue Hawaii' (1961) na Elvis Presley, wai "bisa kuskure". A duk waɗannan, hoton da ya zauna a kan saurayin guda ɗaya ne: 'yan mata da bujen ciyawa, fure a kunne, su na kaɗa ƙugu kamar an sa masu batir.

Yarinyar ce ta tayar da rigimar sai an je lu'au, wato walimar gargajiya ta mutanen Hawai da a ke haɗawa da kiɗa da rawa. Kawu ya ji kuɗin shiga ya haura dala 100 kan kowane mutum, ya yi tsaki ya ce da wannan kuɗin a gida sai a sayi rago. Anti ta ce, "Haba Alhaji, sau nawa za mu zo nan a rayuwa?" Shi ke nan, a ka yanki tikiti. Saurayin bai ce uffan ba, amma a zuciyar sa cewa ya ke faɗuwa ta zo daidai da zama.

Da la'asar sakaliya motar 'yan yawon buɗe ido ta sauke su a wani fili a bakin teku. Wani ƙato ya busa ƙaton kwanson dodon koɗi na teku, ƙarar sa kamar ƙaho, alamar an buɗe taro. A bakin ƙofa a ka rataya wa kowa sarƙar furanni da su ke kira lei. Da mai gabatarwa ya ce yau za a ga "hula", Kawu ya dafa tasa hular ya ce, "To ai ga ta nan, ba sai an biya ba." Ranar ce ta farko da saurayin ya ji Kawu ya yi barkwanci. Hula dai shi ne sunan rawar mutanen Hawai. Ba ruwan ta da zanna bukar.

Kafin abinci an bar mutane su zaga. Can a na koyar da saƙa ganyen kwakwa, can a na jifa da mashi. A gindin wata bishiya kuma wata dattijuwa, gashin ta fari fat har gadon baya, ta tara mata da yara ta na nuna masu yadda a ke motsa hannu. Nan saurayin ya laɓe ya ɗaga waya. Da ya ga ba ya samun ƙafafun ta sosai, sai ya matsa ya roƙe ta da Turanci ta sake takun a hankali don ya ɗauka.

Ta dube shi ta yi murmushi. "Ɗa na, ka ji abin da waƙar ke cewa?"

Ya ce a'a, shi takun kawai ya ke so.

"To me za ka yi da taku ba tare da maganar ba?" Ta ɗaga hannuwa sama, ta sauko da su a hankali 'yan yatsun ta na karkarwa. "Wannan ruwan sama ne. Ba ko wane ruwa ba, ruwan wani kwari ne da waƙar ta ambaci sunan sa. In ka cire waƙar, ni tsohuwa ce kawai ta na kaɗa yatsu."

Ya yi 'yar dariyar jin kunya, ya sauke wayar. A ran sa dai cewa ya yi: iyayi ne irin na tsofaffi, bari dare ya yi a fito da ta gaske.

Aka sake busa ƙahon nan, kowa ya nufi wani rami da a ka kewaye da duwatsu. Shi ne imu, murhun ƙarƙashin ƙasa. Tun da sassafe a ke hura wuta a ciki a jera duwatsu har su yi jajir, a shimfiɗa ɓawon itacen ayaba da ganyaye, a ɗora nama, a rufe da ganye da tsumma mai laima da ƙasa, a bar shi ya yini ya na turara. Samari biyu su ka yaye rufin, tururi ya tashi, jama'a su ka ɗau tafi. Da a ka ɗago abin da ke ciki sai ga alade guda sukutum, ya dahu lugub. Anti ta ce, "A'uzu billahi!" ta ja 'yar ta baya. Kawu ko a jikin sa, don tun wurin sayen tikiti ya tambaya, ya san abin da zai tarar.

Shi ne ma ya ja ragamar su a layin abinci. Duk kwanon da su ka zo sai ya tambayi mai zubawa abin da ke ciki. Wani ƙunshin ganye mai kama da alala, sunan sa laulau, ashe da naman alade a ciki, su ka wuce. Kaza ma Kawu ya ce a bar ta tunda ba a san yankan ta ba. Abin sha mai 'yar lema a baki da a ke miƙa wa manya kuwa giya ce a ciki, su ka karɓi ruwan abarba. Duk da haka faranti ya cika: gasasshen kifi, da wani kwaɗon kifi mai gishiri da tumatir da albasa da a ke kira lomi, da dankali mai launin makuba, da haupia, wato madarar kwakwa da a ka daskarar a ka yanka kamar tuwon madara mai laushi.

Sai kuma poi. Wannan ba komai ba ne illa gwaza da a ka dafa a ka kirɓa, a na ƙara ruwa har ta yi santsi, launin ta toka-toka. Sabuwar ta lami ce, in ta kwana biyu sai ta yi tsami kamar ƙullun koko. Da yatsa a ke shan ta, har ma da yatsun a ke auna kaurin ta: mai yatsa ɗaya, mai biyu, mai uku. Turawan da ke teburin su na lasa su na yatsina fuska. Saurayin, da ya tashi da fura da kunun tsamiya, ya shanye nasa ya ƙara da na ƙanwar sa. Mai gabatarwa ya bayyana cewa a tatsuniyar asalin mutanen Hawai gwaza yayan ɗan'adam ne, shi ya sa ba a faɗa ko cacar baki in an buɗe ƙwaryar poi.

A nan ne kuma su ka ji asalin walimar. A da can, a ƙarƙashin dokokin gargajiya da a ke kira kapu, maza da mata ba su cin abinci tare, kuma an hana mata cin alade, ayaba da kwakwa. A 1819 Sarki Kamehameha na Biyu ya zauna ya ci abinci tare da mata a bainar jama'a, dokar ta rushe daga ranar. Sunan lu'au kuwa na ɗanyen ganyen gwaza ne da a ke dafawa a irin wannan taro, shi ne ya bi walimar gaba ɗaya. Anti ta ce, "Oh, kamar a ce da biki 'zogale' ke nan."

Rana ta faɗa cikin teku jajir. Kawu ya duba wayar sa ya nemo alƙibla, su ka koma gefe kan ciyawa su ka yi Magariba. Abin da ya ba saurayin mamaki, ba gabas su ka fuskanta ba. A Honolulu alƙibla na arewa ne, ta ɗan karkata yamma. Su na sallamewa a ka kunna fitilun itace, a ka kashe na lantarki.

Abin da ya fara fitowa bai yi kama da na fim ba ko kaɗan. Babu jita, babu murmushi. Dattijuwar nan ce ta fito ta durƙusa a kan tabarma da wani duma mai hawa biyu a gaban ta, sunan sa ipu. Ta na buga gindin sa a ƙasa, ta na marin cikin sa da tafin hannu, ta na rera wata doguwar magana da murya mai kauri. Maza da mata su ka jeru, matan da bujen ɗanyen ganye a kan tufafi, gwiwoyi a lanƙwashe, ƙafa na dukan ƙasa tare kamar mutum ɗaya. Kafin kowane baiti sai masu rawar su amsa mata da ƙarfi. Wannan ita ce tsohuwar hula, kahiko. Saurayin ya ɗauki kamar daƙiƙa 40 ya tsaya. Ya ga wannan ba za ta sayu a waƙar soyayya ba. Da ya waiga kuwa sai ya ga abin da bai taɓa zato ba: Kawu ya rufe ido, yatsun sa na bin bugun duman a kan tebur, ba ya kuskure ko ɗaya.

Daga nan a ka shiga hula ta zamani, auana, mai taushi, da jita da ƙaramar garayar nan ukulele, wadda ita ma baƙuwa ce: 'yan ci-rani Turawan Fotugal daga tsibirin Madera ne su ka zo da kakar ta a 1879. Sai can ganguna su ka ɓarke da sauri kamar ruwan ƙanƙara a kan kwano. 'Yan mata su ka fito da dogayen hulunan gashin tsuntsu da bujen zare, ƙugu na kaɗawa har ido ba ya iya bi. Wuri ya kaure da ihu. Kawu ya sunkuyar da kai ya na duba farantin sa. Saurayin ya ce a ran sa, "Yawwa! Ga ta nan!" Ya ɓoye wayar a bayan kofin abarba ya ɗauke ta tsaf, minti huɗu cur.

A na gamawa mai gabatarwa ya ce, "A tafa wa rawar Tahiti!"

Tahiti? Ashe wannan ba ta Hawai ba ce sam. Sunan ta ote'a, daga wani tsibiri da ke nesa da Hawai da sama da kilomita 4,000, tazarar da ta fi ta Kano zuwa Makka. Masu zare ido da zaro harshe da su ka biyo baya, haka ce ta Mawori na ƙasar Niyu Zilan. Gwanin da ya rufe taro ya na juya wuƙa mai ci da wuta kuwa wasan Samowa ya yi, wutar ma a 1946 wani ɗan Samowa mai suna Freddie Letuli ya ƙara ta. Wato abin da abokin sa ya aiko shi ya ɗauko da sunan "rawar Hawai", rawar wasu ce daban da a ka haɗa a faranti ɗaya don baƙi.

Bayan an tashi, mutane na layin ɗaukar hoto da masu rawar wuta, ya hango dattijuwar ita kaɗai ta na naɗe duman ta a cikin zane. Ya je ya gaishe ta da ɗan rusunawa irin na gida. Ya tambaye ta: ba ta jin haushi a tafa wa rawar wasu fiye da tata, a ƙasar ta?

Ta ce 'yan'uwa ne, teku ɗaya ya haife su, kuma wannan wuri na neman abinci ne. Ɗaliban ta da yawa da kuɗin nan su ke biyan haya. Hula ta ainihi a makarantar ta a ke koyon ta, wadda su ke kira halau, a gaban malami, shekara da shekaru. Sannan ta ba shi tarihi a taƙaice. Kafin zuwan rubutu, a cikin waƙoƙin hula a ke adana sunayen sarakuna da asalin su da labarin kowane dutse da kwari. 'Yan mishan sun iso a 1820 su ka ce rawar batsa ce da bautar gumaka. A 1830 Sarauniya Ka'ahumanu, wadda ta karɓi Kiristanci, ta hana yin ta a fili, sai a ɓoye a ƙauyuka. Sarki Kalakaua ne ya maido da ita fada a bikin naɗin sa na 1883. A 1893 a ka hamɓarar da Sarauniya Lili'uokalani, a 1896 a ka mai da Turanci harshen koyarwa a makarantu, a 1898 Amurka ta haɗiye ƙasar. Ta ce kakar ta ta sha bulala a aji saboda ta yi magana da harshen uwar ta. Sai a 1978 harshen ya zama na hukuma a jihar.

"Hana rawar bai kashe ta ba," inji ta. "Abin da ya kusa kashe ta shi ne lokacin da masu rawar su ka daina jin abin da waƙar ke cewa. Sai masu fim su ka zo su ka ɗauki ƙugun su ka bar maganar." Hatta bujen busasshiyar ciyawar nan, ta ce, baƙi 'yan ƙwadago daga tsibiran Gilbat ne su ka zo da shi a ƙarni na 19.

Sai ta juyo da tambayar kan sa. "Kai fa? Na ga tsayuwar ka, ka na rawa. Nuna mani ta mutanen ku."

Da alfahari ya lalubo waƙar da ya fi fitowa sosai a cikin ta, ya miƙa mata wayar. Ta kalla har ƙarshe ta na gyaɗa kai. Ta ce, "Kun iya, ba ƙarya. Amma ɗa na, wannan ba Indiya ba ce?"

Wallahi da ƙasa za ta tsage da ya shige. Ba wai bai taɓa jin wannan magana ba. Tun ya na yaro a ke ta cacar baki a kan rawa da waƙa a finafinan Hausa, malamai na faɗa, Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano da a ka kafa a 2001 na kafa dokoki, 'yan fim na cewa in babu waƙa fim ba ya sayuwa. Duk a da ya na ɗaukar masu sukar a matsayin 'yan baƙin ciki. Yau kuwa wadda ta faɗa ba ta ƙin rawa. Rayuwar ta kaf rawa ce. Ta nuna wani wuri da ya haɗa yatsu ya juya tafin hannu, ta ce ta san a rawar gargajiyar Indiya irin wannan na da ma'ana, to a nan me ya ke nufi? Bai sani ba. Shekara uku ya na yin sa.

A cikin motar komawa otal yarinyar ta yi barci a cinyar Anti. Saurayin ya yi ta maza ya ce, "Kawu, na ga hannun ka ɗazu."

Kawu ya yi shiru har ya zaci ya jawo wa kan sa. Can ya ce, "Kiɗan ƙwarya ne. Ba iri ɗaya ba ne, amma ya tuna mani. Kakar ka ai ita ce ke jan mata a duk bikin da a ka yi a unguwar mu. A kifa ƙore a cikin ruwa, ita ke bayarwa su na amshi. Ni ke ɗaukar mata ƙoren. Da ta dawo daga Hajji ta ajiye, mu ma da mu ka yi boko mu ka riƙa jin kunyar a faɗa." Ya gyara zama ya ƙara da cewa, "Wannan ba izinin komawa tsalle-tsalle na ba ka ba."

"Na sani, Kawu."

A daren ya rubuta wa abokin sa cewa rawar da ya ke nema ta Tahiti ce, ta Hawai kuwa ba ta ɗaukuwa sai da waƙar ta, kuma me zai hana su gwada wani abu da kiɗan ƙwarya? Amsa ta zo nan take: "Kai dai ka je Amurka ka koyo iyayi. Wa zai kalli ƙwarya?" Bayan wata biyu waƙar ta fito a YouTube da irin rawar da a ka saba. Sunan wani ne a wurin mai tsara rawa. Ya ji zafin abin, ba ƙarya, har kwana biyu bai buɗe wayar abokin ba.

Amma kafin nan, washegarin walimar da safe, lokacin dare ya yi a Kano, ya kira Hajiya kakar sa. Da ta ji tambayar sai ta fashe da dariya. "Maigida, wa ya tona mani asiri? Kawun ka ne mai dogon bakin nan ko?" Ta ce ta manta, ta tsufa, ta tuba. Ya yi ta lallashi har da alƙawarin turare. Can sai ya ji ta jawo wani abu, da alama tiren shayi ne, ta fara bugawa a hankali. Ta yi baiti ɗaya ta tsaya ta ce wannan habaici ne ga wata kishiya mai rowar gishiri. Ta yi na biyu ta ce wannan kirarin kakan kakan sa ne, mai fataucin goro zuwa Gwanja, ta faɗi sunan sa. Saurayin bai taɓa jin sunan ba sai ranar.

Minti 11 ya naɗa kafin katin ta ya ƙare. Har yanzu su na nan a wayar sa a jere: minti huɗu na rawar Tahiti da bai tura wa kowa ba, daƙiƙa 40 na dattijuwa da duman ta, sai muryar Hajiya da tiren shayi. Duk ranar Juma'a ya kan kira ta, ta ƙara masa baiti ɗaya ko biyu, ya na rubutawa a bayan littafin lacca. Rannan Kawu ya leƙo ɗakin ya tarar da shi ya na saurare, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ta tsallake ɗaya. Ka tambaye ta na mai gishiri, akwai ci-gaban sa."